Daga filayen kokowa na Arewa zuwa kasuwar 'yan besbol: Wa ke cin moriyar ƙarfin ɗan wasa?

A watan Disamban 2023, 'yan wasa biyu sun kafa tarihi a wurare biyu masu nisa da juna.

A Agadas, Kadri Abdu na jihar Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗaga takobin kokowa na ƙasa karo na shida. A birnin Los Angeles na Amurka kuwa, wani ɗan Japan mai suna Shohei Ohtani ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 da ƙungiyar Dodgers a kan dala miliyan 700.

Shekara guda bayan haka, Juan Soto, ɗan Jamhuriyar Dominika, ya zarce shi. Ƙungiyar New York Mets ta ɗauke shi na shekara 15 a kan dala miliyan 765, wato sama da sefa biliyan 400. Idan aka rarraba kuɗin, kowace safiya ta Allah Soto na tashi da sama da sefa miliyan 70, ko ya yi wasa ko bai yi ba.

Besbol ba wasa ba ne da aka saba gani a Dogondutsi ko Tibiri. Amma masu tafiyar da shi sun fara leƙo Afirka neman yara masu ƙarfin damtse, kuma yadda suke saye da sayar da 'yan wasa ya shafi duk yankin da ke tarbiyyar ƙarfafa, kamar yadda ƙasar Arewa ke yi tun kaka da kakanni.

Yadda wasan yake

Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da mutum tara a fili. Mai jifa yana wurga wata ƙaramar ƙwallo mai tauri, abokin hamayyarsa kuma yana ƙoƙarin maka mata gora. Idan ya same ta, sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Duk wanda ya dawo inda ya tashi ba a kama shi ba, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya.

Babbar gasar duniya ita ce ta MLB, mai ƙungiyoyi 30: guda 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, sannan a shiga zagayen fitar da gwani har a kai ga karawar ƙarshe da ake kira World Series.

Da an rufe fili a farkon Nuwamba sai kasuwa ta buɗe. Daga nan har zuwa Fabrairu, 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare sukan saurari tayi daga kowace ƙungiya, su zaɓi wadda ta fi musu. Shi ya sa manyan cinikayya ke faɗowa a Disamba, daidai lokacin da kunnuwan 'yan Nijar ke manne da rediyo ana sauraren kokowa.

Da can ɗan wasa kamar kaya yake

Wannan 'yanci bai zo a sama ba. Tun 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙirƙiro wani sharaɗi da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa, ko da wa'adin kwantiraginsa ya cika. Mai ƙungiya ne ke yanka albashi. In ɗan wasa ya ƙi, sai dai ya bar sana'ar. In an ga dama kuma a sayar da shi ga wata ƙungiya ba tare da jin ta bakinsa ba.

Haka aka yi ta tafiya kusan shekara 100.

A 1969 ƙungiyar St. Louis Cardinals ta miƙa wani baƙar fata mai suna Curt Flood ga ƙungiyar Philadelphia bayan ya yi mata wasa shekara 12. Flood ya ce ba inda za shi. Ya rubuta wa shugaban gasar, Bowie Kuhn, wasiƙa cewa shi ba dukiya ba ne da za a saya a sayar ba da son ransa ba, sannan ya garzaya kotu.

A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, Flood ya sha kaye. Sana'arsa ma ta mutu a kan wannan shari'a. Sai dai ya riga ya tsaga katangar.

A Disamban 1975 wani mai sasanta rikicin ƙwadago, Peter Seitz, ya yanke cewa 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, sun zama masu 'yancin kansu bayan sun cika kaka guda ba su sa hannu a sabon kwantiragi ba. A 1976 ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, ƙarƙashin Marvin Miller, ta cimma matsaya da masu ƙungiyoyi: duk wanda ya yi shekara shida a babbar gasa yana da ikon sayar da basirarsa ga wanda ya fi tayi.

A 1975, shekarar da aka fara gasar takobi a Tawa, matsakaicin albashin ɗan wasan MLB bai kai dala dubu 50 a shekara ba. Yau ya haura dala miliyan huɗu. Mafi ƙarancin albashi a 2025 shi ne dala dubu 760.

Inda kuɗin ke fitowa

Tikitin shiga fili yana kawo kuɗi, amma babbar rijiyar ita ce talabijin da tallace-tallace. A 2013 Dodgers ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanninta da kamfanin Time Warner Cable ta shekara 25 a kan sama da dala biliyan takwas. Ƙungiyoyin ƙananan birane, irin su Pittsburgh, ba su da kasuwar da za ta ba su ko kusa da haka.

Saɓanin sauran manyan gasannin Amurka, MLB ba ta ƙayyade iyakar albashin da ƙungiya za ta biya ba. Abin da ake da shi haraji ne: duk ƙungiyar da jimillar albashinta ta wuce wani adadi, dala miliyan 241 a 2025, za ta biya tara. Masu hannu da shuni sukan biya su wuce abinsu. A 2024 kaɗai Dodgers ta biya kimanin dala miliyan 103 na wannan haraji.

Akwai kuma dabara. A cikin dala miliyan 700 na Ohtani, miliyan biyu kacal yake karɓa a shekara. Ragowar miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043 za a biya shi. Wannan jinkiri ya ba ƙungiyar sararin ɗauko wani ɗan Japan ɗin, Yoshinobu Yamamoto, mai jifa, na shekara 12 a kan dala miliyan 325, duk a cikin wata guda.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Dodgers ta lashe World Series a 2024 a kan New York Yankees, ta sake lashewa a 2025 a kan Toronto Blue Jays, kuma Yamamoto ne aka zaɓa gwarzon karawar. Amma kuɗi ba kullum suke kai mutum gaci ba. Mets, da duk abin da ta zuba a kan Soto, ko zagayen fitar da gwani ba ta kai ba a 2025.

Yanzu wasu masu ƙungiyoyi na neman a sa iyakar albashi, suna cewa ƙananan ƙungiyoyi sun zama 'yan rakiya. 'Yan wasa kuma sun daɗe suna cewa ba su yarda ba. A kan irin wannan taƙaddama aka yi yajin aikin 1994 da ya hana buga World Series a shekarar. Yarjejeniyar da ɓangarorin biyu ke aiki da ita za ta ƙare ranar 1 ga Disamban 2026, kuma ana fargabar a sake rufe filaye kamar yadda aka yi na kwana 99 tsakanin Disamban 2021 da Maris na 2022.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Yayin da farashin manyan 'yan wasa ke hawa a gida, MLB ta juya waje neman abu biyu: sababbin 'yan kallo da sababbin 'yan wasa.

Don neman 'yan kallo ta kai wasanninta Landan a 2019, inda Yankees ta kara da Boston Red Sox, ta koma a 2023 da 2024. Ta buga a birnin Meziko. Ta buɗe kakar 2024 a Seoul na Koriya ta Kudu, ta buɗe ta 2025 a Tokyo. Zuwan Ohtani kuma ya jawo wa Dodgers kamfanonin Japan masu yawa da ke biyan kuɗi don a liƙa sunayensu a filinta. Wasan zai kuma dawo gasar Olamfik a Los Angeles a 2028.

Ta fuskar 'yan wasa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ke cikin ƙungiyoyin MLB a ranar buɗe kaka a wajen Amurka aka haife su. Jamhuriyar Dominika ce kan gaba, sai Benezuwela.

A nan ne ake ganin bambanci tsakanin ƙasar da ta shirya da wadda ba ta shirya ba.

Japan tana da gasarta mai ƙarfi, kuma tana da yarjejeniya a rubuce da MLB. Duk ƙungiyar Amurka da ta ɗauki ɗan wasan da ke ƙarƙashin wata ƙungiyar Japan, dole ta biya waccan ƙungiyar diyya. A cinikin Yamamoto, ƙungiyar Orix Buffaloes da ta rene shi ta karɓi kusan dala miliyan 50, ban da abin da shi kansa ya samu.

A Dominika kuwa labarin daban ne. Duk ƙungiyoyi 30 suna da makarantun horar da yara a ƙasar. Dodgers ta buɗe tata, Campo Las Palmas, tun 1987. Doka ta ba da damar ɗaukar yaro yana ɗan shekara 16. Waɗanda ke kawo yaran dillalai ne masu zaman kansu da ake kira buscones. Su ne ke ɗauko yaro daga gidan iyayensa, su ciyar da shi, su horar da shi, sannan su yanki kaso mai tsoka daga kuɗin farko da ƙungiya ta ba shi.

An sha ba da rahoton yadda ake ƙulla alkawarin baka da yara 'yan shekara 13 ko 14, su bar makaranta, daga baya ƙungiya ta janye ba tare da ko sisi ba. An sha kama masu rage shekaru a takarda, da masu ɗirka wa yara ƙwayoyin ƙara kuzari. Ƙoƙarin da aka yi a 2022 na sauya tsarin ɗaukar yaran ƙasashen waje ya watse, domin MLB da ƙungiyar 'yan wasa ba su daidaita ba.

Soto ya fito daga wannan hanya. Ƙungiyar Washington Nationals ta ɗauke shi a 2015 yana ɗan shekara 16 a kan dala miliyan ɗaya da rabi. Amma mafi yawan yaran da ake ɗauka ba sa taka babbar gasa ko sau ɗaya. Sukan koma gida a farkon shekarunsu na ashirin, ba boko, ba sana'a.

An fara ƙwanƙwasa ƙofar Afirka

Ranar 26 ga Afrilun 2017, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama mutum na farko haifaffen Afirka da ya buga wasa a MLB, tare da Pittsburgh Pirates. Ya tashi ne a wani ɗaki da ke harabar wata ƙungiyar besbol a Randburg, inda mahaifiyarsa ke aiki.

Uganda ce yanzu ta fi jan hankali. Dodgers na da makarantar horarwa a Mpigi, kuma a 2022 ta ɗauki 'yan ƙasar biyu, Ben Serunkuma da Umar Male. A 2023 Pirates ta ɗauki David Matoma, mai jifa. A farkon 2025 Dodgers ta ɗauki Joseph Deng na Sudan ta Kudu.

A maƙwabciyarmu Burkina Faso, wani ɗan agajin Japan ne ya koya wa yara wasan a Wagadugu. Ɗaya daga cikinsu, Sanfo Lassina, ya kai ga buga wasa a ƙungiyar Kochi Fighting Dogs ta Japan. A Najeriya ma akwai masu buga wasan, musamman a Ilori, kuma yana cikin wasannin da aka fafata a gasar ƙasashen Afirka da aka yi a Abuja a 2003.

Wani abu da ya faru da Uganda ya kamata ya tsaya wa iyaye a rai. A 2011 wata tawagar yaran ƙasar ta cancanci zuwa gasar yara ta duniya a Amurka, amma aka hana su biza saboda matsalar takardun haihuwa. Sai a 2012 wata tawagar daga garin Lugazi ta samu zuwa, ta zama ta farko daga Afirka da ta buga a gasar.

Abin da ya shafi Arewa

Daga Matankari zuwa Dankasari, daga Kiyeshe zuwa Gesheme, Kore Mairuwa da Dumega, da zarar an ɗaure damman gero sai a share fili. Makaɗa su ɗauki ganga, samari su yi ɗamara, a yi kirari, a kama. Daga waɗannan filaye ake tankaɗe da rairaya zuwa gunduma, zuwa jiha, har a fitar da mutum 10 da za su wakilci Dosso cikin 'yan kokowa 80 na jihohi takwas. Filin kokowa na birnin Dosso, wanda ya karɓi gasar karo na 45 a Disamban 2024, yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, ɗaya daga cikin zakarun farko na gasar.

Sarkin kokowa yana samun takobi, da doki, da riga da rawani, da miliyoyin sefa, ga kyaututtukan attajirai da shugabanni. Darajar da yake samu a idon jama'a kuwa ba ta sayuwa. To amma takobi ɗaya ne. Sauran 79 fa? Da ɗaruruwan da suka faɗi tun a matakin gunduma?

Mafi yawansu manoma ne. Abin da suke samu a fili ya dogara da alherin ubangida da kyautar 'yan kallo. Ƙarfi kuma ba ya daɗewa. Gwiwa ɗaya ta goce, ko kafaɗa ta gulle, shi ke nan an koma gona, ko a bi sahun samarin da ke tsallaka iyaka zuwa Kebbi da Sakkwato da Legas cin rani.

Kamfanonin sadarwa da na kasuwanci na liƙa sunayensu a filayen gasar takobi, gidajen talabijin da rediyo na watsa ta kai tsaye, masu shafukan Facebook da TikTok na tara mabiya da bidiyon kaye. Duk wannan dukiya ce da gumin ɗan kokowa ya haifar. Tambayar da 'yan besbol suka yi shekara 50 da suka wuce ita ce wadda ke gaban 'yan kokowa yau: nawa ke shigowa, kuma nawa ne rabon wanda ke cikin fili? In ba a yi ta ba, sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kasuwar waje kuma ba ta da nisa kamar yadda ake zato. Oumar Kane na Senegal, wanda ake kira Reug Reug, daga kokowar gargajiya ya fito, kuma a Nuwamban 2024 ya lashe kambun masu nauyi na gasar faɗa ta ONE Championship. A 2025 kamfanin DAZN mai nuna wasanni ta intanet ya shiga yarjejeniya da African Warriors Fighting Championship don nuna damben Hausawa ga duniya. Mai neman ƙarfafa a Afirka ta Yamma, ko ba jima ko ba daɗe, hanya za ta biyo da shi ta Dogondutsi.

Takarda kafin tafiya

Tarihin besbol ya nuna abubuwa uku da ke raba wanda ya ci riba da wanda aka ci da guminsa.

Na farko, takarda. Takardar haihuwa ce ke tabbatar da shekarun yaro, lasisin hukumar wasanni kuma shi ke tabbatar da wanda ya rene shi. A ƙwallon ƙafa, dokar FIFA ta hana kai yaron da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Ta kuma ware kashi biyar cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Irin wannan kaso ne ke dawowa gida idan ɗan wasa ya bi hanya irin ta Musa Ma'azu, wanda ya tashi daga ASFAN ta Yamai zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, daga nan zuwa CSKA Moscow a 2009. Amma yaron da ke buga ƙwallo a unguwa ba rajista, ko ya zama tauraro, mai horar da shi ba shi da hujjar neman ko dala.

Na biyu, alkawari a rubuce. Yaran Dominika da aka yaudara, akasarinsu da baki aka yi musu alkawari. Duk wanda ya zo da maganar zai kai yaro Turai ko Amurka ko Dubai, iyaye su tambayi sunan ƙungiyar, su nemi ganin kwantiragi, su kai shi ga wanda ya iya karanta shi, su kuma tuntuɓi ofishin wasanni na gunduma. Ƙungiyar gaskiya ba ta neman uba ya sayar da gona ko bijimin huɗa don biyan kuɗin gwaji.

Na uku, haɗin kai. Curt Flood shi kaɗai ya je kotu, ya faɗi. Da 'yan wasa suka tsaya a inuwa ɗaya, cikin shekara huɗu suka samu abin da kotu ta hana shi. Albashi mafi ƙaranci, da kuɗin fansho, da kula da lafiyar wanda ya ji rauni, duk a teburin tattaunawa aka same su, ba kyauta aka ba su ba.

Hukumar kokowa ta ƙasa, da ƙananan hukumomin Dogondutsi da Tibiri, da sarakunan gargajiya da ke ɗaukar nauyin wasannin kaka, suna da damar fara wannan aiki tun kafin baƙi su iso: rajistar kowane ɗan kokowa tun daga ƙauye, asusun jinya ga wanda ya karye a fili, da kaso sananne daga kuɗin talla ga duk wanda ya shiga gasa, ba sarki kaɗai ba.

Japan ta tsara gidanta kafin masu saye su zo, shi ya sa take sayarwa da daraja. Dominika ta bar dillalai su tsara mata, kuma har yau tana fama da abin da ya biyo baya. Yankin da ke haifar ƙarfafa yana da zaɓi tsakanin waɗannan hanyoyi biyu, kuma lokacin zaɓin shi ne yanzu, tun ganga na hannun 'yan gida.